Wasan Baballe a Gonar Naomi

A Gidan Barau, wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, in kana neman Naomi mai gumin shinkafa ba sai ka tambayi kowa ba. Ka bi hayaƙi, ka kasa kunne. Inda ka ji gurmi na kuka daga wata 'yar waya da aka ɗaure da roba, nan za ka tarar da ita tsaye a kan rabin duro, tana juya shinkafa da katako, tana amshi da murya kamar ta mai kiran shanu. Ta ba hamsin baya da nisa, mijinta ya rasu ya bar mata ɗa guda da gona guda, amma in Baballe ya ɗauki waƙa sai ka rantse budurwa ce aka sa wa lalle.

Baballe mai gurmi ba mawaƙin birni ba ne. Ba ya yi wa masu mulki waƙa, ba ya bin 'yan siyasa. Waƙarsa ta laka ce da lauje: tumatirin da ya ruɓe a kwando a bakin titi, tsutsar da ta cinye gona mai ita yana kallo, saurayin da ya tafi kudu da albasa ya dawo da tari. 'Yan birni su ce kiɗan ƙauye, mutanen ƙauyen su ce to, ai namu ne. Kowace bazara, in an gama kwashe amfanin rani, yakan zaga garuruwan bakin kanal, babbar magudanar ruwan noman rani, yana wasa a fili, ba rumfa ba kujera, daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Bana rabon ya faɗo kan Gidan Barau.

Tun da labari ya iso, gari ya ɗauki zafin da ya fi na rana. Teloli suka daina karɓar ɗinki. 'Yan mata suka fitar da anko ruwan ganye, samari suka ce ba za a bar su a baya ba, suka bugo riguna da hoton Baballe a ƙirji. Hoton bai yi kama da shi ba, amma ba wanda ya damu. A bakin kanal, masu wanki ba su da hira sai gardamar wace waƙa zai fara da ita. Hambali, shugaban 'yan adaidaita sahu na garin, shi ya ɗauki ɗawainiyar shiri a kansa. Ya samo izinin mai gari, da sharaɗin a tashi kafin kiran magariba, sannan ya roƙi Alhaji Uba filin shanyarsa. Alhaji Uba shi ne mai injin casar shinkafa, filin nasa kuwa na siminti ne, shimfiɗaɗɗe, ya isa ya ɗauki gari da baƙinsa. Ya ce ya ba su.

Naomi sau ɗaya ta taɓa ganin Baballe, da daɗewa, a kasuwar Bunkure. Shi ma ba ganinsa ta yi ba, hularsa ta hango ta saman kawunan mutane kafin direban motarsu ya ce ko ta shigo ko ya tafi. Wannan abu ya tsaya mata a rai shekara da shekaru. Don haka bana ta yanko atamfa sabuwa fil, mai zanen ja da ruwan ƙwai, ta kai ɗinki tun kafin teloli su cika.

Ummukulsum, aminiyarta da suke gumi tare, ta dube ta tana gwada ɗankwali a kusa da murhu, ta ce, "Ke dai Naomi ki ji tsoron Allah. Da furfurarki? In limamin cocinku ya ganki fa?"

"Ya ganni mana. Ranar da aka yi bikin 'yarsa, wa ya riga kowa shiga fili? Ke kuma da kike magana, na ga lallen da kika ɓoye a ƙarƙashin kwano."

Ummukulsum ta ƙyalƙyale da dariya. "Malam ya ce in tsaya ɓangaren mata, kada in yi rawa."

"Ki tsaya ɗin. Ƙafa ce za ta saɓa masa, ba ke ba."

Ana cikin wannan ɗoki sai sabuwar waƙar Baballe ta ɓullo, tana yawo daga waya zuwa waya. Kafin a ankara har yara sun haddace ta:

Wa ya haifi ruwa ya raɗa masa suna?
Ruwan kanal ba gadon gidanku ba ne.
Na kai ya sha, ya yi wanka, ya wanke mota,
Na wutsiya na zaune yana lasar leɓe.

Baballe bai kama sunan kowa ba, kuma akwai irin wannan rigima a kowane gari da kanal ya ratsa. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Babbar gonar Alhaji Uba ita ce a bakin ƙaramar magudanar da ke shayar da gonakin Gidan Barau, kuma kowa ya san da katakan da yaransa ke dannawa a mararrabar ruwa, da buhunan yashi, don ruwan ya karkata wajensa. Gonar Naomi ita ce ta ƙarshe a layin. Bana ta yi dashen shinkafa, ta yi kyau har maƙwabta na tsayawa kallo, sai ruwa ya ɗauke. Ta je ta yi magana, aka ce mata ba laifin kowa ba ne, ruwan ne ba shi da ƙarfin da zai kai can, hanyar ta cike da ƙasa. Tana ji tana gani shinkafar ta koma ja, ta bushe, awaki suka ƙarasa abin da rana ta bari.

Saura kwanaki kaɗan wasa, Hambali ya zo wajen masu gumi da hantsi, ya kashe adaidaitarsa, ya zauna a kan turmi ba tare da ya gama gaisuwa ba.

"Inna Naomi, an fasa."

Ta saki katakon juyi a cikin duro. "An fasa me?"

"Alhaji ya janye filinsa. Ya ce ba za a tsaya a kan simintinsa a zage shi ba. Na je makaranta, shugaban ya ce ba shi da iko. Na je filin ƙwallo, ashe Alhaji ne ya saya musu raga da riguna. Duk wanda na tunkara sai ya hau sosa ƙeya. Kuma manajansa ya aiko a faɗa wa kowa, wanda ya ba da wuri kada ya sake kawo ko tiya ɗaya injinsu."

Mata suka dubi juna. Kowace a cikinsu da wannan inji take ci. Ummukulsum ta ce a hankali, "To Allah ya kai mu baɗi."

Naomi ta tsaya tana kallon wutar da ke cin ɓuntun shinkafa a ƙarƙashin duro. Wani abu ya taso mata tun daga ciki, irin wanda ya taso mata ranar da ta tsaya a gonarta tana jin busasshen ganye na karyewa a ƙarƙashin ƙafarta. A ranar haɗiye shi ta yi. Yau ya ƙi haɗiyuwa.

"Hambali, mutum nawa gonata za ta ɗauka?"

Ya ɗaga kai. "Wace gonar?"

"Ina da wata ne? Ta wutsiya. Ta bushe ƙamas, ta fi simintinsa tauri. Shi ya gyara mana ita da hannunsa. Gonakin da ke kewaye da ita ma duk haka suke, ba abin da za a tattake sai tsagewar ƙasa."

"Inna, kin ji abin da manaja ya ce kuwa? Ga ɗanki Luka yana aiki a can."

"Na ji. Kunnena ƙalau. Kira Baballe ka ce masa wuri ya samu."

Luka, ɗanta, shi ke kula da injin Alhaji Uba, kuma labari ya riga shi isowa gida. Da yamma ya shigo da ƙurar dusa a gashinsa, bai ko wanke hannu ba ya tsaya a kanta tana tankaɗe.

"Inna, me na yi miki?"

"Sannu da aiki."

"Ba sannu nake nema ba. Saboda kiɗa? Saboda wani tsoho mai gurmi da bai san kina duniya ba za ki zubar mana da tukunya? Manaja ya kira ni gaban kowa ya ce in ja miki kunne."

Ta ajiye rariyar. "Kai za ka ja mini kunne?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Zauna, Luka." Ya ƙi zama. Ta ce, "Da shinkafata ta ƙone, ka ce in yi haƙuri, na yi. Da suka ce ruwa ne ba ya iya tafiya, kamar wani gurgu, na ce to. Alhaji ya hana ni ruwa, ban ce komai ba. Yanzu kuma kunnena zai toshe? Ya zaɓa mini abin da zan ji? Ubanka ya bar mini gonar nan, ba Alhaji ba. In na ga dama in shuka shinkafa, in na ga dama in shuka mutane."

"In aka kore ni fa?"

Wannan ta soke ta, don ta san ranar da ya sami aikin, da yadda ya shigo yana tsalle kamar ɗan akuya. Ta sake ɗaukar rariyar. Sannan ta ce, "Kai ka je aikinka ranar. Kada ka zo. Ka ce musu uwarka ta haukace, ba ka da iko da ita. Ba ƙarya ka yi ba."

Ya fita ya bar tuwonsa a rufe.

Washegari samari suka sauka a gonar da fartanya da tsintsiya. Aka baje ɓurɓushin ƙasa, aka kwashe ƙaya, aka haɗa amalanke biyu aka shimfiɗa katako a kai don makaɗa. Masu gonakin gefe, waɗanda su ma ƙishirwa ta kashe musu shuka, ba su ce a shiga ba, ba su ce kada a shiga ba, sai dai an wayi gari an ga sun cire shingen ƙayarsu. Wasu matan gumi suka daina zama kusa da Naomi. Ummukulsum kuwa ta kawo tulunanta biyu ta ce a zuba wa baƙi ruwan sha, ta ƙara da cewa, "In an hana ki inji, an hana ni. Dama tare muke aunawa."

Ranar Asabar, tun azahar hanya ta cika. Mutanen Kura suka zo a kan babura, uku uku har da huɗu. Na Garun Mallam suka cika motar ɗaukar tumatir, suna tsaye suna waƙa tun daga titi. Na Bunkure da yawa a ƙafa suka biyo gefen kanal, mata da goyo, tsofaffi da sanduna. Masu rake suka kafa, masu kankana suka yanka, mai tsire ya hura wuta, yara masu zoɓo da ƙanƙara suna ratsa mutane. Rana na dukan ƙeya amma ba mai neman inuwa, don babu ita. Naomi ta fito cikin atamfarta, ɗankwali ya tashi sama kamar zai yi magana, ta tsaya a gaba daf da amalanke. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu uwar gona," ita kuma ta amsa kamar ta saba.

Da aka idar da la'asar wata tsohuwar mota ta tsaya a hanyar gona. Ihu ya tashi tun kafin a buɗe ƙofa. Naomi ta yi ɗage tana neman ƙaton mutumin da muryarsa ta gina mata a zuci. Sai ga wani ɗan guntun dattijo, siriri, da giɓi a baki, rungume da gurmi a cikin tsohon buhu.

Ta kama hannun Ummukulsum. "Shi ke nan? Wannan ɗan firit ɗin?"

"To da kin zaci raƙumi ne?"

Amma da ya hau amalanke ya taɓa tsirkiya, ya buɗe baki, sai ta ji tsigar jikinta ta tashi. Muryar ce, ita ce dai, ba roba ba waya, tana fitowa daga ƙirjin mutum tana faɗa mata a fuska. Ya fara da waƙar tumatir. Kafin 'yan amshinsa su karɓa, filin gaba ɗaya ya karɓe musu. Masu kalangu suka shigo, ƙura ta tashi, 'yan anko suka yi layi suna juyi. Wani tsoho daga Bunkure ya jefar da sandarsa ya shiga fili, jikokinsa na binsa suna roƙo ya fito. Naomi ba ta san lokacin da hawaye ya zubo mata ba, kuma ba ta share ba.

Ana tsakiyar waƙa ta uku ta ji an ja ta ta baya. Luka ne, yana haki, rigar aikinsa jiƙe da gumi.

"Inna, ku tashi. An zare katakan mararraba tun da rana, an toshe ɓangaren Alhaji, an sako ruwan gaba ɗaya nan. Ni aka fara cewa in je in zare, na ƙi, sai aka tura yara. Sun fasa kunyar gonarki ta gabas. Ga shi can ya kusa."

Ta dube shi kamar ba ta gane Hausar ba. "Ruwa? Nan?"

"Nan. So suke wurin ya zama taɓo kowa ya watse."

Ta juya gabas. Mutanen da ke can gefen sun fara ɗaga ƙafa suna matsowa. Ta hango shi yana sheƙi a rana, yana tafe a hankali, yana shiga tsagar ƙasa yana cikawa yana wucewa, da kumfa da tsinkayen ciyawa a bakinsa. Ruwan da ta yi wata da watanni tana zuwa dubawa safe da yamma. Ruwan da aka ce ba ya iya zuwa.

Sai dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ba daɗi ke kawo ta ba.

Hambali ya iso a rikice. "Inna, wayoyin wuta a ƙasa suke, ga janareta. In ruwa ya taɓa su za a yi gawa. Dole mu tsayar."

Kiɗa ya riga ya yanke. Hayaniya ta fara canza launi, mata na kiran 'ya'yansu, wasu sun nufi babura. Naomi ta tattare zaninta, ta taka ƙafar amalanke, ta hau. Ba ta taɓa riƙe makirfo ba a rayuwarta. Ta miƙa wa Baballe hannu, shi kuma ya dube ta, ya ba ta.

"Jama'a!" Muryarta ta fita ta lasifika har ita kanta ta razana. "Jama'a, ku tsaya ku ji. Ni ce mai gonar nan. Tun sanyi ake ce mana ruwa ba ya iya zuwa wutsiya. An ce ba shi da ƙarfi. To ga shi, ku gani da idonku. Yau ya ji gurmi ya taho da ƙafarsa!"

Wani ya yi ihu daga baya. Dariya ta bi filin kamar wutar kara.

"Baƙo ne, a yi masa wuri. Masu goyo da tsofaffi su hau kunya, ba abin kunya ba ne. Mai tsoron takalminsa ya cire ya rataya a wuya. Sauranmu kuwa, a cikin laka aka haife mu, a cikinta muke ci. Wanda ya aiko shi don mu gudu, ku gaya masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba inda za mu!"

Ta miƙa makirfon, ta juya ta nemi ɗanta. Luka na tsaye inda ta bar shi, fuskarsa a murtuke. Suka haɗa ido. Ya yi tsaki mai ƙarfi, ya tuɓe rigarsa, ya daka wa samari tsawa. "Kai, ku kashe janaretan nan tukuna! Ku kama, mu kai shi kan hanya. Hambali, kawo gorar masu rake, a ɗaga wayoyin sama. Kada wanda ya taɓa komai da jiƙaƙƙen hannu."

Kafin su gama, ruwa ya shigo har ƙarƙashin amalanke, ya rufe idon sawu. Ƙasar da ta yi wata da watanni tana ƙuna ta saki wani ƙamshi irin na ruwan farko. Baballe bai jira a tayar da janareta ba. Ya cire takalmansa, ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, ya sauko cikin ruwan da gurminsa a ƙirji. Ya matso kusa da Naomi ya ce, "Uwar gona, ya sunanki?"

Ita da ke amsa masa waƙa kullum a bakin murhu, sai ta nemi muryarta ta rasa. Ummukulsum ce ta faɗa masa.

Ya kaɗa kai, ya ja tsirkiya, ya ɗauki waƙar ruwa da bakinsa kawai, ba lasifika. Na kusa suka karɓa, na bayansu suka karɓa daga gare su, har ta kai ga waɗanda ke tsaye a kan kunyoyi da rufin motoci. Da ya zo ƙarshen baitin da kowa ya sani, sai ya ɗora wani da ba a taɓa ji ba:

An ce gurgu ne, ba ya kaiwa wutsiya,
Yau ga shi a gonar Naomi yana rawa.

Ummukulsum ta rangaɗa guɗa, ta manta da ɓangaren mata. Daidai nan janareta ya kama, lasifika ta dawo, kalangu ya fashe. Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani har yau ba su gama ba da labarinsa ba. Ɗaruruwan ƙafafu na dukan ruwa lokaci guda, laka na tashi sama tana sauka a kan anko da farar shadda ba bambanci. Yara suka kwanta suna birgima. Mai tsire ya ɗora tukubarsa a ka yana rawa da ita. Naomi ta shiga tsakiya, ta buɗe hannuwa, ta taka irin takun matan gidansu na da, wanda rabonta da shi tun mijinta na da rai. Atamfar ta koma launin ƙasa har ƙugu, ɗankwalin ya faɗi wani ya taka, takalminta ɗaya laka ta haɗiye shi har abada. Ba ta waiwaya ba.

Da rana ta yi ja, Hambali ya ɗaga hannu, Baballe ya sauke waƙa. Aka cika wa mai gari alkawarinsa. Mutane suka bi bakin kanal suna wanke ƙafafu, masu salla suka yi alwala a nan, kowa na magana da dasasshiyar murya.

Abin da manaja ya faɗa kuwa bai faɗi ƙasa ba. Ranar Litinin aka sallami Luka. Aka dawo wa Naomi da buhunanta daga bakin inji, aka haɗa da na Ummukulsum. Sai Kura suke kai casa a adaidaitar Hambali, hanya ta ƙaru, riba ta ragu, ga ciwon gwiwa da rawar ta tayar mata wanda ya kwantar da ita har ta rasa zuwa coci. Luka ya daina cin abinci a gida. In ya shigo sai gaisuwa, ita ma a taƙaice. Wannan ya fi komai ci mata rai, amma ba ta nuna ba.

A gefe guda kuma, hoton wasan ya zaga wayoyi har birni. Manoman wutsiya suka ɗauke shi suka je taron ƙungiyar masu noman rani, suka ajiye waya a gaban shugabanni suka ce a kalla, a gaya musu ko wannan ruwa ne ko madara. Wakilin Alhaji ya yi ta kame kame. Aka tsara rabon ruwa na kwana kwana. Wani makon a bi, wani makon a wayi gari katako ya koma mararraba, sai an je an yi faɗa. Amma ba wanda ya sake cewa ruwa ba ya iya zuwa.

Ana nan sai manaja ya aiko. In Naomi ta zo ta ba Alhaji haƙuri a gaban mutane, Luka zai koma aikinsa. Ta juya maganar a ranta har abinci ya fita kanta. Da safe ta yafa mayafi ta tafi tana ɗingishi, da niyyar ta haɗiye ko mene ne saboda ɗanta.

Ta tarar da Alhaji Uba a rumfar bakin inji, a kan farar kujera, dillalai da masu awo kewaye da shi. Ta durƙusa kamar yadda ya kamata.

"Ranka ya daɗe, barka da hantsi. An ce in zo in ba da haƙuri."

"Haka ne," in ji Alhaji, yana kallon carbinsa. "Muna ji. Ki ɗaga murya, kamar yadda kika ɗaga a lasifika."

Da bai ƙara wannan ba, wataƙila da ta faɗi abin da ta zo faɗa. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"To ka yi haƙuri, Alhaji, ban zo godiya da wuri ba, ƙafa ce ta hana ni. Ruwan nan da ka aiko mana, Allah ya saka. Na jefa masara a damshinsa, ta fito kore shar. In ta nuna zan aiko maka da ta gashi."

Wani dillali ya yi tari ya rufe baki da hula. Wani ya tashi ya ce zai duba buhunansa. Alhaji ya daina jan carbi.

"Naomi, bakin nan naki shi zai kashe ki."

"Ranka ya daɗe, ƙishirwa ta riga shi gwadawa."

"Tashi ki ba ni wuri. Ɗanki kuma ya nemi wani ubangidan."

Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta yi sallama, ta fito. Wata zuciya na cewa kin kyauta, wata na cewa kin kashe yaron nan. A bakin ƙofa ta ga Luka zaune a kan babur ɗin aro, ashe ya biyo ta, kuma ya ji komai. Ta tsaya tana jiran faɗa.

Ya dube ta. Sannan ya girgiza kai, gefen bakinsa na motsi.

"Dama na san ba za ki iya ba. Da kin iya ma, ni ba zan koma ba." Ya tayar da babur. "Akwai wani mai inji a Garun Mallam da ya ce in je gobe ya ga hannuna. Ban sani ba ko zai ɗauke ni. Hau mu tafi, kada gwiwar ta sake kumbura."

Ta hau a karkace, ta riƙe kafaɗarsa, ta ce ya bi da ita ta bakin kasuwa, gishirinta ya ƙare.